A daina ɗaure wa tsohon babur wuya da sunan rage shan mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin masu babura a nan Ibadan, kuma mu da muke riƙe da tsofaffin babura ita ta fi damunmu. Mutum zai tura babur wurin makanike ya ce, "Oga, a ɗaure mini shi, shan mansa ya yi yawa." Makanike ya kwance kafireta, ya canza babban jet da wanda bai kai shi ba, ya sauke allura, ya miƙo makulli. A cikin Sabo babur yana tafiya lafiya lau, mai shi yana murna. Sai ranar da ya ɗauko kaya ya fuskanci hawa, ko ya miƙe hanyar Oyo ya murɗe totur har ƙarshe, sannan inji ya fara shaƙewa, kansa ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya kusantarsa. Wanda bai tsaya ba a nan, kuɗin fistin da zobe ne ke jiransa, wani lokacin har da bawul.

Da yawanmu Honda CG125 ne a hannunmu, wasu gado, wasu saye. Kamfanin ya fito da shi a 1975, kuma da gangan aka ƙera shi don ƙasashen da babur ke shan wahala ba ya samun kulawa. Shi ya sa yake jure abin da wani injin ba zai jure ba, shi ya sa kuma mutane ke raina shi. Amma iska ce kaɗai ke sanyaya injinsa, ba shi da lagireto. Idan aka buɗe totur gaba ɗaya, man da ke shiga yana taimakawa wajen rage zafin cikin silinda. Lissafin da aka sani shi ne, kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone tas, amma a cikakken totur inji ya fi ƙarfi kuma ya fi samun lafiya idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen kashi ɗaya cikin 12 da rabi zuwa 13. Wanda ya rage mai a wannan wuri, sanyin injin ya rage.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, ragin ma ba ya biyan buƙata. Kafireta irin ta waɗannan babura hawa uku gare ta, kuma abin da ke tantance hawan da ke aiki shi ne yadda ka buɗe totur, ba yawan kukan inji ba. Daga silo zuwa kusan kwata, ƙaramin jet da sukurun gefe ke ba da mai. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki. Babban jet ba ya karɓar ragama sosai sai daga nan zuwa ƙarshe. To mu duba tafiyarmu ta yau da kullum, daga Mokola zuwa Dugbe, ko zuwa kasuwar Bodija cikin cunkoso. Sau nawa hannu ke kaiwa ƙarshen totur? Da ƙyar. Ke nan an rage jet ɗin da ba shi ke shan man ba, an bar inji da yunwa a daidai lokacin da ya fi buƙatar ci.

Ramin jet kuma ba abin wasa ba ne. A kafiretar Keihin, wadda ita ce a kan CG, lambar da ke jikin babban jet tana nuna faɗin ramin: 100 na nufin milimita ɗaya. Wanda ya sauko daga 100 zuwa 90 yana ganin kashi goma ya rage, alhali girman ramin ya ragu da kashi 19 cikin ɗari. Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Masu zura wayar burki ko allurar ɗinki su goge jet suna faɗaɗa ramin ba su sani ba, tagulla ce mai laushi. Lambar tana nan a rubuce, ramin kuwa ya zama wani abu dabam. Fetur mai tsabta da iskar famfo sun isa wanke jet.

Mu a tsarinmu, idan babur ya fara gardama a saman totur, kafireta ce ta ƙarshe da muke taɓawa. Rabin abin da ake ɗora mata ba laifinta ba ne. Muna fara duba ko man yana isowa ma. A cire tiyon da ke shiga kafireta, a buɗe famfon tanki, a ga ko yana zubowa da ƙarfi ko ɗigo yake yi. Tsohon tanki yana da tsatsa, man kwalba na bakin titi kuma yakan zo da datti da ruwa. Akwai ɗan rami a murfin tanki da iska ke shiga. Idan ya toshe, babur zai yi gudu na ɗan lokaci ya mutu, ka buɗe murfi ya tashi kamar ba shi ba. Daga nan sai sosan iska, a wanke a shafa masa mai kaɗan. Sai robar da ta haɗa kafireta da inji, domin idan ta tsage tana satar iska, kuma duk saitin da aka yi a kanta aikin banza ne. Sai bawul, a auna shi inji na sanyi. Tsofaffin da ke da kwantak, a duba tazararsa da lokacin wuta, domin kwantak da ya ci ko kwandensa da ta gaji suna kawo tsinkewa a sama wadda kowa zai rantse mai ne. Shi kansa totur a tabbata kebul ɗinsa na ɗaga fistin ɗin kafireta har sama, da ɗan wasa na milimita biyu zuwa shida a hannu. Mun ga baburan da aka canza wa jet sau uku, ashe kebul ne ya saki.

Idan duk wannan ya yi daidai, sai a nemi miƙaƙƙen titi marar mutane, da ɗan hawa idan an samu, da hular kwano a kai. Inji ya yi ɗumi sosai. A shiga giya ta sama, a buɗe totur duka, a bar shi ya ja, sannan a ɗan mayar da hannu baya kaɗan. Idan babur ya ƙara ƙarfi da aka rage, babban jet ya yi ƙanƙanta. Idan ya yi ɓurɓur yana tuntuɓe kafin ya daidaita, man ya yi yawa. Fulogi ne shaida na biyu. A riƙe totur a ƙarshe na ɗan lokaci, a kama kuloci a kashe makulli lokaci guda, a gangara gefe a kwance shi. Kada a bar inji ya yi silo kafin a kashe, zai goge shaidar. A leƙa can ƙasan farin tangaran ɗin. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi mai toka mai ya yi yawa. Fari fat, musamman da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa barkono, a koma gida a hankali a ƙara jet, fistin ne ya fara narkewa.

Ana canza abu ɗaya ne a lokaci guda, mataki ɗaya, a rubuta a takarda. Muna farawa da babban jet, kuma daga mai yawa muke saukowa, saboda yawan mai fulogi kawai yake ɓatawa. Bayan shi allura. A nan mutane ke rikicewa: idan aka sauke ɗan maƙallin zuwa tsagin ƙasa, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru, idan aka hau da shi sama, mai ya ragu. Sukurun silo ne ƙarshe.

Akwai wata magana ta musamman ga wanda aka aiko wa babur daga gida. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, Ibadan kuwa ɗari biyu da 'yan kai. Iskar can ta fi ta nan sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin goma. Babur ɗin da aka saita daidai a Jos, idan ya sauko nan zai shaƙi iska mai nauyi da man da bai ƙaru ba, ya koma cikin yunwa tun kafin wani ya taɓa shi. Na Kano bambancinsa bai kai haka ba, amma a duba fulogi. Haka wanda ya fasa salansa don ƙara, ko ya cire akwatin iska, shi ma ya canza lissafin.

Masu Suzuki A100 da Yamaha YB100, naku ya fi tsanani. Yawancin waɗanda muke gani an cire musu famfon mai na inji, ana haɗa shi da fetur a tanki. A irin wannan, duk wanda ya rage jet ya rage man da ke shafa fistin, kuma injin ba ya ba da dogon gargaɗi. Kamewa yake yi a tsakiyar gudu, tayar baya ta ja birki da kanta. Yatsu biyu su zauna a kan kuloci.

Man da ake kuka da shi kuwa, ga inda yake tafiya: allurar kwanon kafireta da ta daina rufewa tana ɗiga a ƙasa duk dare, allurar totur da ramin da take shiga sun cinye juna saboda shekaru, sosan iska ya toshe da ƙurar rani, taya ba iska, birkin baya yana kamawa, sarƙa ta bushe. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin fistin ɗaya ba. Wanda zai zo da babur ranar Lahadi a duba masa, ya taho da sabon fulogi da rabin tanki, kuma kada ya wanke tsohon fulogin, muna son ganinsa yadda ya fito.