Ranar da Muka Kulle Yis a Cikin Ƙwallo

Yawancinmu a kulob ɗin kimiyya ba mu taɓa ganin teku ba, amma a zangon da ya wuce garin ciyawar teku ya kusa ba mu kunya. Malaminmu ne ya kawo shi, fari kamar sitaci. Sunansa aljinet, kuma daga ciyawar teku mai launin ruwan ƙasa ake tatso shi. Wani masani ɗan Birtaniya, Stanford, ya gano shi a 1881.

Aikin ba wuya a baki. A narkar da giram 2 cikin ruwa mililita 100, a zuƙa a sirinji marar allura, a riƙa ɗigawa cikin ruwan kalsiyam kulorayid. Kalsiyam ɗin kan ɗaure zaruruwan aljinet da juna, sai kowane ɗigo ya daskare ya zama ƙwallo kamar ƙwan kifi.

Son burgewa ya sa muka dama namu da zoɓo don ya yi ja. Sai ya yi gudaji ya toshe sirinji. Ashe tsami mai yawa ɓata shi yake. Saura kwana uku baje kolin makaranta, ga rabin garin ya salwanta!

Ragowar muka gauraya da yis ɗin burodi. Ƙwallayen suka fito sumul, muka ɗauraye su muka zuba a ruwan sukari mai ɗumi. Can sai ga kumfa na tasowa. Yis na kulle a ciki, amma sukari na ratsawa ya same shi, iska kuma na fita.

Nan Malam ya ba mu labarin Lim da Sun, masanan da a 1980 suka kulle ƙwayoyin halitta masu yin insulin cikin ƙwallayen aljinet ƙanana ƙwarai, suka sa wa ɓeraye masu ciwon sukari. Insulin na fita, garkuwar jiki kuwa ba ta kai ga ƙwayoyin. Sukarin ɓerayen ya daidaita na mako biyu zuwa uku.

Wata a cikinmu, wadda ake yi wa ƙaninta allura kullum, ta ce, “Malam, an fara yi wa mutane?” Ya ce har yanzu gwaji ake, don jiki kan lulluɓe ƙwallayen da tabo har ƙwayoyin su mutu. Ranar baje koli ita ta tsaya gaban kwalbar tana yi wa iyaye bayani.