Ciwon Ƙodar Kyanwata Da Abin Da Ya Koya Mini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwa masu karatu wani abu da ya same ni. Na san wasu za su yi dariya, su ce Malam Akawu ya rasa abin rubutawa sai kyanwa. To, su yi haƙuri su kai ƙarshe.

A shekarar 2012, sa'ad da na kama aikin akawu, ɓeraye suka addabe ni a ɗakin da na yi haya, har suka ci gefen takardar shaidata ta makaranta. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta ji tausayina, ta ba ni 'yar kyanwa baƙa mai farar ƙafa guda, na sa mata suna Farar-Ƙafa. Tun daga ran nan ban ƙara jin motsin ɓera ba. Na yi aure tana nan, aka haifa mini 'ya'ya biyu tana nan, kullum na dawo daga ofis ita ce ke fara tarye ni a zaure.

Da bazarar 2024 sai muka ga ta shiga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari. Na ce zafi ne kurum. Damina ta faɗi, zafi ya wuce, abin bai wuce ba. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya dushe, ta riƙa amai, bakinta yana wari. Ran nan uwargida ta ɓallo rabin ƙwayar farasitamol za ta ba ta, sai babbar 'yata ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, don Allah a kai ta wurin likita." Ashe kukan yarinyar nan shi ya ceci ranta. Da na faɗa wa likitan dabbobi, sai ya riƙe baki, ya ce wannan ƙwaya guba ce ga kyanwa, gama hantarta ba ta iya sarrafa ta, ko kaɗan aka ba ta sai ta lalata mata jini.

Ya ɗebi jini da fitsari ya auna, ya ce ciwon ƙoda ne irin wanda ke cin jiki a hankali, kuma yana cikin cututtukan da suka fi kama tsofaffin kyanwoyi. Ya bayyana mini cewa ƙoda ita ce matatar jini. In ta yi rauni sai ruwan jiki ya riƙa zubewa ta fitsari, dattin kuwa ya tsaya cikin jini. Shi ne dalilin ƙishirwa da amai. Asalin kyanwa dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta damu da shan ruwa ba, saboda haka in ka ga tana zarya wajen randa, to da magana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce gwajin jinin da aka saba yi ba ya nuna ciwon sosai sai wajen kashi 3 cikin 4 na aikin ƙodar ya tafi. Likitoci sun kasa ciwon hawa 4, tawa tana na 3. Abin da ya lalace ba ya dawowa. A Amurka an fara dashen ƙoda ga kyanwoyi tun 1987 a Jami'ar Kalifoniya, amma ina akawu ina wannan?

Daga nan ya rubuta mini abin da ake bukata: abinci na musamman mai ƙarancin wani sinadari da ake kira fosfaras, da ƙwayar hawan jini kullum, da ruwan allura da ake sawa ƙarƙashin fata, da maimaita gwaji a kai a kai. Abincin daga ƙasashen waje ake kawo shi, kowa kuwa ya san yadda kayan waje suka yi tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Aikina lissafi ne, na zauna da dare na buga, na ga abin zai lashe fiye da sulusin albashina, ga kuɗin makarantar yara ya ƙarato.

Da na ba da labari a ofis, Baba Masinja ya dube ni ya ce, "Ɗana, ga mutane can kwance a asibiti babu kuɗin magani, kai kana zancen mage?" Ban sami amsa ba, domin maganarsa akwai gaskiya ciki. Uwargida ce ta raba gardama. Ta ce, "Malam, kuɗin makarantar yara ba a taɓa shi. Amma shekara 12 tana tsare mana hatsi, kowa ya ci ladan kuturu kuwa ai ya yi masa aski."

Kashegari na ajiye kunya, na koma na faɗa wa likita iyakar ƙarfina. Na ce, "Likita, cikin waɗannan wanne ne tilas, wanne za a iya jinkirtawa?" Bai raina ni ba ko kaɗan. Ya ce abinci shi ne kan gaba, don shi aka fi tabbatar yana ƙara wa irinta kwana, sai ruwa da ƙwayar hawan jini. Gwaji kuwa a rage yawansa. Ya koya mini sa ruwan allurar da hannuna a gida, ya hana mu ba ta busasshen kifi da ƙashi da madara da ragowar miya mai gishiri. Muka ajiye mata kwanonin ruwa a wuri uku, muna jiƙa mata abincin. Ni kuma na bar hawan acaɓa, na fito da tsohon kekena, kuɗin da ya ragu ya tafi ga Farar-Ƙafa.

Ta ɗan murmure, ta koma tarye ni a zaure, muka ƙara wata 15 tare. A ƙarshen 2025 ta ƙi abinci, ta kasa tashi. Likita ya ce babu sauran dabara sai a hutar da ita da allura. A nan na yi laifin da har yau nake nadama: na ƙara mata kwana biyu na wahala, ba don amfaninta ba, sai don na kasa rabuwa da ita. Ran na uku na kai ta, ta tafi tana kwance bisa cinyata. Yara suka rufe ta a gindin dalbejiya.

To, jama'a, ga abin da nake roƙo. Kada kowa ya ba kyanwa maganin mutane. In tsohuwar kyanwarka ta shiga yawan shan ruwa tana ramewa, kada ka jira kamar yadda na jira, gama ciwon da aka gano da wuri ya fi sauƙin ɗawainiya. In kuma kuɗi ya gaza, faɗa wa likita gaskiya tun farko, ku yi daidai ruwa daidai tsaki. Ban biya duk abin da aka rubuta mini ba, ban kuma hana 'ya'yana karatu ba, amma ba ta kwana da ƙishirwa a gidana ko sau ɗaya ba. Iyakar abin da zan iya faɗa wa Baba Masinja ke nan.

Ka huta lafiya.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.