Tambayar Mai Ƙaro

Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe ina koyar da wannan karin magana a aji, amma ban gane zurfinta ba sai daren da mahaifina ya yi mini wata tambaya da na kasa amsawa.

Mahaifina fataucin ƙaro yake yi a nan Maiduguri. Idan damina ta ɗauke, mutanen karkara sukan tsaga ɓawon dakwara, su bar ta makonni tana zubar da hawaye har su daskare, sannan su tsinko su kawo masa a buhuna. Mu yara aikinmu tsinta, wato mu ware fari da ja, mu fitar da ɓawo da yashi. Da ƙaron nan malaminmu na allo ke haɗa tawada don ta kama ta yi sheƙi, da shi kuma masu wankin hula ke sa ta tsaya ƙyam. Da kuɗinsa aka ɗauki nauyin karatuna. Ashe ni da nake taƙama da adabi, hawayen itace ne suka raine ni.

Wata shekara, dillalin da ke kai kayansa Legas ya aiko cewa an gwada ƙaron an tarar gauraye ne, aka karya farashi har uwar kuɗi ta taɓu. Da daddare muna zaune a zaure sai ya ce, "Dakta," don haka yake kirana in zai zolaye ni, "duk malaman nan da kuka tara, babu mai iya duba ƙaron nan tun yana hannuna, sai ya kai bakin teku a gaya mini abin da na saya?"

Na ce, "Baba, ai ni fannina adabi ne."

Ya ce, "To, su maƙwabtan naka ba kwa gaisawa ne?"

Kunyar wannan magana ce ta kai ni wurin wani abokina masanin kimiyyar sinadarai. Ya bayyana mini cewa ƙaron dakwara shi ne mai daraja ta ɗaya, na dushe ke bi masa, kuma idan sun farfashe sun cuɗe ido yakan ruɗu. Amma in aka narkar da ƙaro a ruwa, aka ratsa shi da haske a cikin wata 'yar na'ura, na dakwara yakan karkata hasken hagu, na dushe kuwa dama. Aiki ne da ba ya cin yini guda. Daga nan ya ɗauko wata kwalbar farin gari da aka sayo daga Turai don gwaje-gwajensa, ya ce, "Ka gane ɗan gidanku?" Ƙaro ne aka narkar, aka tace, aka busar, aka laƙaba masa lamba E414, ana zuba shi a lemon kwalba da alewa da ƙwayoyin magani. Sudan ce kan gaba wajen samar da ɗanyensa, Chadi da Nijeriya na biye, amma Faransa, inda dakwara ba ta tsirowa, ita ce ta yi fice wajen sarrafa shi da sayar wa duniya. Mu ke shan ƙaya, wasu ke kwashe romon.

Ba za a ce cibiyoyi muka rasa ba. A 1975 aka kafa Jami'ar Maiduguri, a shekarar kuma aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, mai kula da inganta irin gero da alkama. Shi kansa ƙaro yana da tashar bincike a Gashuwa, ƙarƙashin cibiyar binciken roba ta ƙasa da ke kusa da Benin. Bugu da ƙari, a 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, kuma duk wanda ya zagaya jami'o'in ƙasar nan zai ga gine-ginen da asusun ya yi. Sai dai haraji ba zumunci ba ne. Mai masana'anta yakan biya ya juya baya, matsalar da ke hana shi barci tana nan a cikinsa. Shi kuma malami yakan zaɓi batun da zai kawo masa ƙarin girma, ya rubuta da Ingilishi a mujallar da ɗan kasuwa ba zai taɓa gani ba.

Kada mai karatu ya zaci masananmu ƙyamar fita fili suke yi. A watan Yuli na 2017 malaman kimiyyar ƙasa na Jami'ar Maiduguri suka fita aikin neman mai tare da kamfanin NNPC, aka yi musu kwanton ɓauna a yankin Magumeri. Wasu sun rasa rayukansu, uku kuma ba su dawo gida ba sai a Fabrairun 2018. Mutanen da suka shiga daji saboda tambayar babban kamfani ba za su ƙi tsallaka titi saboda tambayar mai buhu goma ba, muddin an share hanyar.

A ganina, nan ne aikin gwamnatin jiha yake, wato ta zama waliyyiyar wannan aure. Alal misali, a samar da ɗakin gwaji da ɗan kasuwa zai kai samfurin kayansa, ya biya kuɗi kaɗan, ya karɓi takardar shaidar da mai saye zai yarda da ita. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki nauyin ɗalibai, bisa sharaɗin cewa su za su kawo tambayar da za a bincika. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa masu sayen ƙaro waige-waige, amma wanda bai iya tabbatar da ingancin kayansa ba, kasuwa takan ci ta watse yana kallo.

Mu ma masu nazarin harshe ba mu kuɓuta ba. Sakamakon binciken da bai shiga Hausa da Kanuri ba, bai isa ga mai tsaga dakwara ba. Wa zai raɗa wa wannan karkatar haske suna in ba mu ba?

Da na koma na yi wa Baba bayanin hagu da dama, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe haske ma ya san dakwara!" Sannan ya tambaye ni kuɗin na'urar, ko za su iya yin karo-karo su saya a ajiye wa abokina. Na ce zan bincika. Jarrabawa ta zo, tarurruka suka biyo baya, har Allah ya yi masa rasuwa ban kai masa amsa ba. Abokan sana'arsa suna nan, kuma har yau idan na bi ta rumfarsu sukan tashi su gaishe ni da Dakta.