Rubutu ma aiki ne, a ba shi kafin alƙalaminsa

Jiya da daddare na kasa barci, shi ya sa kuka wayi gari da wannan dogon rubutun. Ku yi haƙuri da ni, abin ya tsaya mini a rai.

Makon jiya wani bawan Allah, wanda ba zan faɗi sunansa ko na ƙungiyarsu ba, ya kira ni ya ce in rubuta musu takardar neman tallafi. Shafi tara ta ci. Dare uku na yi a kanta, sau biyu ina hawa mashin daga Gehuru zuwa Jega don a buga ta, saboda ya ce a canza lissafin da ke ciki. Da na kai masa ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Madalla ɗana, wanga aiki ya yi kyau." Na ce, "Baba, kuɗin aikin naira 20,000 ne." Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Haba ɗana, rubutu ne fa kawai, kana zaune ka yi shi." Ya zaro 2,000 ya ce in sa kati.

Rubutu ne kawai. Wannan kalmar ce ta hana ni barci, fiye da kuɗin.

Waɗanda suka daɗe suna bin rubutuna sun san shekara huɗu ke nan da na daina yawo da takardun neman aiki, na rungumi alƙalami a matsayin sana'a. Ina rubuta jawabin taro, ina fassara tsakanin Turanci da Hausa, ina tsara wa masu ƙananan sana'o'i tallar kayansu ta WhatsApp da Facebook, ina gyara rubutun ɗaliban jami'ar Aliero idan sun gama nasu. Gyara na ce. Kun san matsayina a kan rubuta wa ɗalibi furojet daga farko, ba na yi, kuma ba zan fara ba. Da wannan nake ciyar da iyalina. Tela ma a zaune yake ɗinki, wanzami a zaune yake aski, ban taɓa jin an ce musu zaman ya soke ladan ba.

Amma zan faɗi gaskiya, akwai nawa laifin. Ban yanke farashi kafin in fara ba. Na ji nauyinsa don sa'an mahaifina ne, na ce a raina zai duba da kansa. Ga shi kuwa darasin nan an riga an koya mini shi tun ina saurayi, a kasuwar albasa ta Aliero, lokacin da nake bin kawuna ina riƙe masa littafin lissafi.

Kawu bai yi boko ba, amma ban ga wanda ya san ciniki kamarsa ba. Idan mai saye ya zo, ba ya fara da kuɗi. Sai ya kwance bakin buhu ya zuba hannu har tsakiya, ya ciro albasa ya miƙa masa, don ya ga na ƙasa daidai suke da na sama. Sai ya tambaye shi ina za a kai ta, Legas ko Fatakwal, don ya san wadda za ta jure tafiya. Sannan a shiga tayi. In tayin bai kai ba, "albarka" kawai zai ce, fuska a sake, ba zagi ba ɓacin rai, mutumin ya tafi ya zagaya ya dawo. Kuma har ya bar kasuwa ban ga an ɗora buhunsa a mota ba a yi sallama ba. Wata rana na rage wa wani kuɗi don ya ce ya san mahaifina. Kawu ya bari sai da mutumin ya wuce, sannan ya ce, "Kai yaro, kunya ta gida ce. In ka kawo ta kasuwa, yunwa za ka koma da ita gida." Albasa tana ruɓewa in ta daɗe a ajiye, duk da haka manomin Aliero yakan adana ta ya jira farashi ya tashi bayan kaka, don ya san darajar guminsa. Mu da kayanmu ba sa ruɓewa, mu ne ke rabar da su kamar muna tsoron su lalace a hannunmu.

Na san abin da wasunku za su ce, don an sha faɗa mini. Za a ce ilimi ba abin sayarwa ba ne, kuma kakanninmu don Allah suka yi rubutu. To ku tsaya ku dubi kalmar da duk Bahaushe ke amfani da ita idan zai ba magini ko kafinta wani abu kafin a fara aiki: kafin alƙalami. Alƙalami fa aka ambata, ba cebur ko zarto ba. Daga wurin masu rubutu sauran masu sana'a suka ari kalmar, yau kuma mai rubutun ne kaɗai ke jin kunyar neman ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, farashinta yana cikin sunanta, kwabo ake biya a karɓa. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ba su zauna jiran kamfani ya neme su ba. Mutanen wancan zamanin da kansu suke neman kuɗin ɗab'i, su kai littattafai wurin masu sayarwa, su bi kuɗinsu. Har aka laƙaba wa aikin nasu adabin kasuwar Kano da nufin raini, amma kasuwar ce ta kai littafin Hausa ɗakunan matan aure a ko'ina.

Za a kuma ce yanzu waya ma tana rubutu kyauta. Haka ne, tana yi. Duk wanda hakan ya ishe shi, hanya a buɗe take, ba na riƙe kowa. Amma wanda ya zo wurina ya zo ne don na san bambancin yadda ake yi wa hakimi magana da yadda ake yi wa jami'in banki, na kuma zauna na saurari matsalarsa awa guda kafin in rubuta layi ɗaya. Wannan sauraron ma aiki ne.

Sai masu cewa zumunci. Ina girmama zumunci, kuma akwai takardun masallaci da na marayu da nake rubutawa ba na karɓar ko sisi, da zaɓina, don neman lada. Amma sadaka sai mai bayarwa ya yi niyya. Idan aka ƙwace maka ita da sunan zumunci, an ci haƙƙinka ne, kuma haƙƙin ɗan ƙwadago ba ƙaramin abu ba ne a addininmu. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina ba shi da komai, an yi masa tayin dukiya, shi kuwa kasuwa ya nemi a nuna masa. Babu wanda ya kira wannan kwaɗayi.

Ƙannena masu tasowa a wannan sana'a, musamman 'yan matan da ke sayar da labaransu babi-babi a zaurukan WhatsApp, abin da na sani kaɗan ne, ga shi. Kada ku ce "ba da abin da ya sawwaƙa", ku faɗi adadi da bakinku, ku yi shiru ku jira amsa. Ku karɓi rabi kafin ku fara. Ku rubuta a saƙo abin da aka yi yarjejeniya a kai, shafi nawa, ranar bayarwa, gyara sau nawa, don baki yana mantuwa. Ku ajiye ayyukanku uku mafi kyau a waya, su ne bakin buhun da za ku kwance wa mai saye. Idan za ku nuna aiki kafin cikon kuɗi, ku tura hoton shafin farko kawai. Kuma ku lissafa data da caji da kuɗin mashin a cikin farashi, don daga aljihunku suke fita.

Ita 2,000 ɗin na mayar masa da safen nan ta hannun yaro, tare da gaisuwa ta girmamawa, don har gobe babana ne. Takardar kuma na bar masa, Allah ya sa su samu tallafin. Amma daga yau, duk mai son in rubuta masa wani abu, ɗan'uwa ne ko baƙo, mu yi ciniki tukuna, ya ba da kafin alƙalami, sannan in buɗe kwamfuta.