Kwaɓa daban, ha'inci daban

Katangar wani maƙwabcinmu a Wurma ta tsage tun kafin damina ta raba tsakiya, ba ta ko shekara da ginawa ba. Muna tsaye muna duba tsagar sai ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya murza bulo ɗaya da yatsa, yashi ya zubo. Ya ce, "Kawu, wannan shi Turawa ke kira *shoddy*." Mai katangar bai san kalmar ba, bai kuma tambaya ba. Cewa ya yi, "Yaro, ha'inci ne. Birkilan ya iya aiki, siminti ya ci."

Na daɗe ina juya maganar dattijon. Bai tsaya kan munin aikin ba, kai tsaye ya tafi ga dalili. Haka Bahaushe yake yi. Idan tela ya ɗinka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya kwaɓa, ana yi masa dariya, a ce hannunsa bai faɗa ba tukuna. Idan ya iya amma ya yi shi a gurguje don sallah ta matso, aikin jeka-na-yi-ka ne, sai a yi masa faɗa. In kuwa ya rage yadi ya sa a aljihu, an bar maganar gwaninta, an shiga ta amana, kuma har gaban mai unguwa ana iya zuwa. Ga wanda ka kai wa rediyo tana shan iska ya dawo maka da ita bebiya, shi nasa gyaran gangar Auzinawa ne.

Kalmar da yaron ya kawo ma tana da tarihin da ya fi kusa da hukuncin dattijon fiye da yadda ya zata. Asalinta sunan yadi ne. A garin Batley na Ingila, wajen 1813, wani Benjamin Law ya fara niƙa tsummokaran ulu yana haɗawa da sabo ana saƙa tufa mai araha. Lokacin yaƙin basasar Amurka da aka fara a 1861, 'yan kwangila suka ɗinka wa sojoji kaki da irin wannan yadi, ruwa na dukansa yana rugurgujewa. Daga nan sunan ya koma na duk abin da aka yi wa algus. Wata kalmar tasu, *botch*, da can gyara take nufi, irin na mai faci. Masu gyaran ne suka yi ta ɓata wa mutane kaya har ma'anar ta juye.

Waɗannan biyun dai sun tsaya a aji. Turancin da ya iso bakinmu ta garejin bakanike ya shigo, kuma ya sauya kama a hanya. Bogi daga Turancin Amurka ya fito, inda aka fara danganta shi da kuɗin jabu, yau ga shi muna da takardar bogi da likitan bogi. Faci ya zama namu har ba mai jin baƙuntarsa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce maneji. A wurin masu harshen, tushenta gudanar da abu ne, daga nan manaja ya samo sunansa, ko da yake su ma sukan yi amfani da ita wajen lallaɓawa. Mu wannan ɓangaren kaɗai muka ɗauka muka riƙe gam. Bakanike ya ɗaure maka salansar babur da waya, ya buga sirdi ya ce, "Alhaji, yi maneji ka kai Kurfi." Bai yi maka ƙarya ba, bai kuma ce ya gyara ba. Ya sanar da kai aikin bai yi ba, ka amince, ka biya, kun rabu da fara'a. Idan babur ya mutu a hanya, ba ka da bakin cewa an ha'ince ka.

Katangar maƙwabcin namu kuwa, da aka kira birkilan da yamma, ya zo ya shafa tsagar, ya ce ƙasar wurin ce ke da danshi. Sai ya ce a sayo rabin buhun siminti ya shafe ta, a yi maneji zuwa kaka.