Farautar tsofaffin alƙaluman tawada a kasuwannin ƙauyen Faransa

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, da wuya Lahadi ta wuce a kudancin Faransa ba a ci kasuwar gwanjo a wani ƙauye ba. Suna kiranta vide-grenier, ma'ana kwashe tarkacen da aka jibge a ɗakin saman gida. Masu sayarwa ba 'yan kasuwa ba ne, mutanen gari ne kawai. Kowa ya shimfiɗa tabarma ko ya kafa tebur a dandali, ya baza abin da ya gaji da ajiyewa: cokula, agogon da ya tsaya, kayan wasan yara, tsofaffin littattafai. Ni abin da ke kai ni shi ne alƙalami mai shan tawada, irin wanda iyayenmu suka yi makaranta da shi kafin biro ya mamaye ko'ina.

Daga birnin Avignon, inda nake karatu, tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa zuwa L'Isle-sur-la-Sorgue, garin da ya yi suna wajen kayan tarihi. Kogin Sorgue ya rarrabu ya kewaye shi, kuma har yau manyan ƙafafun da ruwa ke juyawa, waɗanda a da suke tafiyar da masaƙu, suna nan sun yi kore da gansakuka. Gari ne mai daɗin kallo, amma ba na ɗalibi ba ne. Dillalansa sun san darajar komai, alƙalamin yana cikin gilashi, farashinsa ya fi kuɗin abincina na wata. Don haka nan nake zuwa in koyi gane kaya, sayayya kuwa sai a ƙananan ƙauyukan da ke kewaye.

A can babu mai jera maka alƙaluma. Sai ka durƙusa ka tona gwangwanin biskit ko akwatin takalmi, cikin maɓallai da mukullai. Suna da yawa saboda dalili: sai a 1965 aka yarda yaran makarantun Faransa su yi rubutu da biro, duk da cewa Bic ya fito tun 1950.

Abu na farko da nake dubawa shi ne bakin alƙalamin. Idan an rubuta 750, zinari ne mai karat 18. Idan 585 ne, karat 14. Zinari ba ya tsatsa, shi ya sa bakin da ya shekara saba'in zai iya rubutu sumul. Daga nan sai in shafa tsinin a kan farce: in yana karta, wataƙila ɗan ƙwallon da ke ƙarshensa ya karye, wannan kuwa ba gyaran ɗalibi ba ne. Sai murfi, a ɗaga shi ga rana a nemi tsaguwa. Wasu suna da ɗan ƙarfe a gefe da ake ɗagawa ya matse jakar roba ta zuƙi tawada. In ya ƙi motsi kada a tilasta shi. Robar ce ta bushe, ana kuma canza ta da arha.

Waterman ne aka fi samu. Asalin kamfanin na Amurka ne, an kafa shi a New York a 1884, amma reshensa na Faransa ne ya rayu bayan na can ya durƙushe. Wanda kowa ke mafarki shi ne Parker 51 na 1941, mai ɓoyayyen baki. Ku tambayi iyayenku alƙalamin Hero na ƙasar Sin da suka riƙe a sakandare. Siffar Parker 51 aka kwaikwaya, kuma daga nesa sai ka rantse shi ne. Dole a karanta rubutun jikinsa.

Ana taya kaya a nan ma, sai dai a hankali, ba a raba farashi biyu kamar a Kurmi. Wata tsohuwa ta ce Yuro 10 a kan wani baƙin Waterman na mijinta marigayi, muka daidaita a 8. Kwana biyu bakinsa yana jiƙe cikin ruwan sanyi, tsohuwar tawada shuɗiya tana fita, kafin ya yarda ya rubuta. Da shi nake rubuta darussana yanzu.