Kada Ka Sayar da Hedifon Ɗin Nan

Dutsin-Ma.

Aminina Malam Kabiru,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da maiɗaki da yara. Yaya mutanen Kurfi?

Saƙonka ya same ni jiya da la'asar ina situdiyo. Ka ce hedifon da Yaya ya aiko maka daga Jamus ka jona shi a waya, sai ka ji Shata kamar daga cikin rijiya yake waƙa, har kana shawarar kai shi Farm Centre a Kano ka rabu da shi. Don Allah ka dakata. Lafiyarsa ƙalau, yunwa yake ji.

Wanda ke hannunka HD 600 ne na kamfanin Sennheiser. Tun 1997 ake ƙera shi, kuma har yau masu aikin sauti ba su sake shi ba. Ƙarfin turjiyarsa ga lantarki om 300 ne, alhali iyafis ɗin da muke saye a kasuwa bai wuce 16 zuwa 32 ba, kuma don irinsu aka yi ramin waya. Ka tuna masu noman rani a bakin dam ɗin Zobe: wanda gonarsa ke fadama ƙaramin inji ya ishe shi, amma na kan tudu sai injin da ke da ƙarfin turo ruwa sama. Hedifonka gonar tudu ce. Injin da yake nema shi ne amfilifaya, ba irin ta masu wa'azi da lasifika ba, wata 'yar ƙarama ce da ba ta fi tafin hannu ba.

Ranar da na fara jona irinsa a amfilifayata, na sa Shata, na daɗe ban motsa ba. Kalangu ya dawo da nauyinsa, kana jin yadda makaɗi ke matse shi a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. 'Yan amshi da a da suke dunƙule wuri ɗaya suka rarrabu, kowa da muryarsa. Ba ƙara ce ta ƙaru kawai ba. In amfilifaya ba ta da ƙarfi, duk lokacin da aka doki ganga sai ta gaza, saman sautin ya yanke, shi ne wannan karcewar da kake ji in ka ƙure maɓalli.

Amma akwai abin da ya fi damuna, wato memorinka. Na san inda kake ɗora waƙa. Yawancin abin da masu tura waƙa ke zubawa MP3 ne mai kilobit 128, alhali faifan CD yana ɗauke da 1411 a kowace daƙiƙa. An zubar da mafi yawan bayanan don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma babu amfilifayar da za ta dawo da su. Tsofaffin waƙoƙinmu ma abin ya fi muni, don da yawa daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne. Kayan kirki ba sa rufa wa irin wannan asiri, shuuu ɗin kaset za ka ji shi tar. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos ya bi shi a 2015, kuma abin da jikokinmu za su gada shi ne waɗannan raunanan kwafe-kwafen in ba a nemo na asali an adana ba.

Akwai kuma DAC, na'urar da ke mayar da lambobin fayil su zama sauti. Matsakaiciya ta ishe ka, sau da yawa ma a haɗe take da amfilifayar. A ganina bambancin mai tsada da mai araha bai taka kara ya karya ba, wayoyin jona kaya masu tsada kuwa kada ka ko kalle su. Sai dai ka kiyaye sauraro kana caji da janareto, yana iya shigo da gurnani, ka bar ta a kan batir. Kuma ka tausaya wa kunnenka, kada daɗi ya sa ka ƙure ƙara.

Ka shigo ranar Laraba tunda akwai motocin kasuwa, ka zo da shi da memorin. Za mu jona a tawa, mu sa waƙa ɗaya daga memorinka, mu sa ta daga faifaina, kunnenka ya yanke hukunci kafin ka kashe ko kwabo. Ka gaida Inna, ka ce ina nan tafe.

Naka,
Sanusi